Garkar gida a gidan makiyayi: ruwa, shinge da taki kafin iri

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, garka ta zama abin da kowa ya sani a kudancin Nijar. Albasar Galmi a jihar Tawa, zogalen Jiratawa kusa da Maraɗi da garake na Korama a jihar Damagaram duk sun yi suna. Amma waɗannan garake ne na kasuwa, a fadama, inda ruwa ke kusa. Wannan bayani ya shafi ƙaramar garka ce ta bayan ɗaki, a gidan da ke da awaki, tumaki ko ƴan shanu, wadda amfaninta shi ne a samu ganyen miya duk shekara.

Gidan da ke kiwo yana da abin da mai garka ke saye da kuɗi, wato taki. Yana kuma da abin da mai garka ya fi tsoro, wato akuya. Ga shi ruwan da za a ba shuka daga rijiyar da bisashe ke sha zai fito. Shi ya sa garka da yawa kan yi kyau a watan Disamba, su bushe a watan Afrilu. Galibi ba iri ne ke da laifi ba: an fara ne da sayen iri, alhali shi ne na ƙarshe a jerin abin da ya kamata a tanada.

A fara da lissafin ruwa

Girman garka ba faɗin fili ne ke yanke shi ba, ruwan da gida zai iya ɗebowa a tsakiyar bazara ne. A lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi yana buƙatar wajen lita 5 zuwa 6 a rana. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, buƙatar takan kai lita 8 zuwa 10.

A ɗauki misalin fangali huɗu, kowane mai mita 1 faɗi da mita 3 tsawo. A ɗari za su sha kamar bido uku na lita 25 a rana. A bazara sai bido huɗu zuwa biyar, wato kusan abin da shanu uku ko huɗu ke sha. Kafin a sa fartanya, sai mutanen gida su zauna su amsa tambaya biyu: wa zai ɗebo wannan ruwa kullum, kuma idan rijiya ta ja baya, shin bisashe za su samu nasu? Idan amsar ba ta fito sarai ba, a fara da fangali biyu. Fangali biyu da suka kai damina sun fi shida da suka mutu a hanya.

A lura da irin ruwan ma. A wasu wurare ruwan rijiya yana da kanwa ko gishiri. Alamarsa ita ce farin ɓawo a saman ƙasa bayan ta bushe, da bakin ganye da ke ƙonewa. Inda haka take, a yawaita taki, kuma lokaci-lokaci a yi ban ruwa mai yawa don ya tura gishirin ƙasa da saiwa. Ruwan wanke hatsi da na alwala suna da amfani a gindin zogale. Ruwan wanki mai Omo kuwa kada a zuba shi a kan ganyen da ake ci ɗanye.

Wuri da shinge

A zaɓi wurin da ke samun ranar safe, wanda inuwar ɗaki ko ta icce ke rufewa bayan azahar. Kada ya kasance ƙasa da turke ko garke, inda ruwan sama zai kwaso fitsari da kashin bisashe ya malalo cikin fangali. A nisanta shi da salga. Haka kuma a guji duk wurin da aka taɓa binne dabbar da ta mutu farat ɗaya, domin ƙwayar cutar saifa tana zama cikin ƙasa shekaru da yawa, kuma haƙa na iya fito da ita.

Idan garkar za ta kasance a wajen gida, a tabbata ba ta shiga burtali ba, ba ta kuma tare hanyar mashaya ba. Doka ta kare waɗannan wurare, kuma yawancin rigimar manomi da makiyayi daga nan take tashi. Tuntuɓar mai gari da kwamitin filaye na gari kafin a kafa shinge ya fi zuwa sulhu bayan ɓarna.

Shi kuma shinge a gama shi kafin a shuka ko ƙwaya ɗaya. Akuya guda ta isa ta share aikin wata biyu kafin a gama sallar la'asar. Darnin kara yana tare iskar hunturu mai busar da ganye, amma shi kaɗai ba ya hana akuya, domin tana cinsa tana kuma tura shi. A ƙara masa ƙayar magarya ko ta aduwa daga waje, tsawon shingen ya kai aƙalla mita ɗaya da rabi, ƙasansa a toshe saboda ƴan awaki da kaji. Wanda ke son shinge mai daɗewa sai ya dasa aguwa a jere, tunda bisashe ba sa cinta, sai dai a kiyaye yara da ruwanta mai cutar da ido. Ƙofa ita ce wurin da aka fi samun ɓaraka: a yi mata maɗauri, a kuma koya wa yara rufewa.

Taki: sai ya ruɓe

Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, ruɓaɓɓen taki ne ke sa ta riƙe. Amma ɗanyen kashi yana ƙona saiwa, yana kawo irin ciyawa da gara, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa yara zawo idan suka hau salati ko tumatir.

Hanyar ruɓar da shi ba ta da wuya. A haƙa rami a inuwa, mita ɗaya faɗi, zurfinsa kamar rabin mita. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko guntayen kara, a bi da kashin awaki, tumaki ko shanu, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa. A yi ta maimaitawa har tarin ya ɗago sama da bakin rami, sannan a rufe da tsohuwar tabarma. Laimarsa ta zama yadda idan aka matse a hannu zai dunƙule ba tare da ruwa ya zubo ba. Bayan kwana kaɗan cikinsa zai yi zafi sosai; sandar da aka soka a ciki za ta fito da ɗumi. Wannan zafin ne ke kashe yawancin ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa. A juya shi duk mako biyu, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya koma na ƙasar da ruwa ya taɓa.

Abu uku ba sa shiga ramin taki: mushe, abin da ya fito daga dabbar da ta yi ɓari, da leda. Na farko da na biyu a binne su da zurfi nesa da rijiya, ba da hannu tsirara ba, a kuma sanar da ma'aikacin kiwo. Don garkar da za a fara a Nuwamba, a haɗa takin tun watan Agusta.

Gyaran fangali da shuka

A ƙasa mai yashi, fangali ya ɗan nutse ƙasa da hanya, da kunya kewaye, don ruwa ya tsaya a ciki. A ƙasar laka ko a damina kuwa, a ɗaga shi sama don kada saiwa ta ruɓe. Faɗin mita ɗaya yana ba da damar kai hannu tsakiya ba tare da an taka ba. A kaftu ƙasar zurfin taƙi ɗaya, a cuɗa kilo 2 zuwa 3 na taki a kowace mita, a ba ta ruwa kwana biyu ko uku kafin shuka.

Tumatir, albasa, shu da salati ana fara rainonsu a ƙaramin wuri mai rumfar ciyawa. Tumatir da salati sukan isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, albasa kuwa wajen mako shida zuwa bakwai. A yi dashe da marece, a ba su ruwa nan take. Tsakanin tumatir a bar santimita 40 zuwa 50, salati 25 zuwa 30, albasa 10 zuwa 15. Karoti, kuɓewa, yakuwa da wake ba sa son dashe, a shuka su kai tsaye.

Kowane lokaci da abinsa

Babban kuskure shi ne neman amfanin ɗari a bazara. Tumatir yakan zubar da fure idan zafin rana ya wuce digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba. Salati yakan yi tsiri ya yi ɗaci, irinsa ma ba ya tsirowa da kyau a ƙasa mai zafi. Ba rashin taki ne ba, lokacinsu ne ya wuce.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ne ake shuka tumatir, albasa, shu, salati da karoti, a ci su har Maris. Da zafi ya fara, a rage yawan fangali a koma ga masu jure rana: alayyafo, wanda ake fara yanka cikin kimanin wata ɗaya, lalo, yakuwa, kuɓewa mai fara ƴaƴa a wata biyu, da dankali mai ba da ganye da saiwa. A damina a ƙara wake, kabewa da rama.

Zogale shi ne ginshiƙin garkar ƙasa mai zafi. A shuka gindi biyar zuwa goma a gefen shinge ta ciki. Idan ya kai mita ɗaya a datse kansa don ya yi rassa, kada ya miƙe ya fi ƙarfin hannu. Da zarar ya kafu yana jure ƙarancin ruwa, yana ba da inuwa mara nauyi, yana kuma ba da ganye a lokacin da komi ya bushe.

Tattalin ruwa a bazara

A yi ban ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar, a gindin shuka, ba a kan ganye ba. Ruwa isasshe mai shiga ƙasa ya fi yayyafi sau da yawa, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke gasa ta. A rufe saman fangali da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili kewayen kara saboda gara. Rumfar zana mai ramuka, wadda ke rage rana ba ta toshe ta ba, tana ceton ganye a Afrilu da Mayu.

Akwai kuma dabarar tulu. A binne tulun ƙasa wanda ba a shafe ba har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa, a shuka kewaye da shi. Ruwan yana tsatsowa a hankali kai tsaye zuwa saiwa, kuma murfin yana hana sauro yin ƙwai.

Ƙwari, magani da lafiyar bisashe

Duba bayan ganye kowace safiya da tsince tsutsa da hannu ya wadatar a ƙaramar garka. Idan ƙwari sun yi yawa, a daka ƙwallon bedi kamar rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa sabulu kaɗan, a fesa da marece sau ɗaya a mako. Idan tumatir ko kuɓewa suna yaushi alhali suna samun ruwa, a tuge guda a duba saiwa. In ta yi ƙulle-ƙulle, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne. A tuge a ƙona, a shuka albasa ko masara a wurin a zagaye na gaba.

Maganin feshi na kasuwa, musamman wanda ba shi da takarda a jikinsa, haɗari ne a gidan da yara da bisashe ke yawo. Maganin kaska na dabba ba na ganye ba ne, na gona kuma ba na jikin dabba ba ne. In ya zama dole a fesa, a nemi shawarar malamin gona, a kiyaye kwanakin jira kafin mutum ko dabba su ci, kuma kada a wanke kayan feshi kusa da kwamin shan ruwa.

Ragowar garka abinci ne mai kyau ga akuya mai shayarwa da ragon turke: ganyen dankali, harawar wake, ganyen shu na waje da rassan zogale. A bar su su ɗan sha iska, a fara da kaɗan tare da busasshiyar ciyawa, domin ɗanyen ganye mai yawa lokaci guda yana kawo kumburin ciki. Ganyen tumatir da na dankalin turawa suna da guba, su tafi ramin taki. Ganyen rogo sai an shanya shi. Albasa mai yawa tana jawo wa shanu ƙarancin jini. A kuma tsince duk wata leda, domin wadda dabba ta haɗiye tana zama cikin tumbi ta rame da ita sannu a hankali.

A gidajen da garke ke tafiya arewa da damina, a san tun farko wanda zai zauna da garkar. In babu, a bar zogale kaɗai, a rufe fangali da ciyawa, a bar taki yana ruɓewa a rami. Idan aka dawo da kaka, ƙasa da taki suna nan a shirye, sai a gyara shinge a sa iri.