Yadda motsa jiki mai nauyi ke kare tsoka a lokacin dogon zama

Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, harkoki sun yi sanyi a Maigatari har zuwa Disambar 2020 da aka sake buɗe iyakar. Haka aka maimaita bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. An yi ta lissafin asarar kuɗi daga kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis zuwa yankin ciniki maras shinge, amma direba da ɗan dako da zama ya kama su na watanni sun yi wata asarar a jikinsu. Irinta ce ke samun majinyacin da ke kwance a asibiti a Gumel, da ma'aikacin da ke wuni a kan kujera.

Tsoka na rayuwa ne da aiki. Kullum jiki na rushe wani ɓangarenta yana sake ginawa, kuma nauyin da take ɗauka shi ke sa a ci gaba da ginin. Idan nauyin ya gushe sai ginin ya ragu, tsokar cinya da ta sha-raɓa su fara zubewa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya gano cewa dattawa masu lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu.

Ba sai an kwanta ba ma. A Denmark an sa matasa sun rage tafiyarsu zuwa taku kusan 1,500 a rana na tsawon mako 2. Kitsen cikin cikinsu ya ƙaru, jikinsu kuma ya rage iya sarrafa sukari. Dalili shi ne tsoka ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci. Sikeli na iya nuna nauyin mutum bai canja ba, alhali tsoka ta ragu, kitse ya maye gurbinta, an buɗe ƙofa ga ciwon suga.

Masu binciken sararin samaniya ne suka fi nazarin maganin wannan matsala, domin 'yan sama jannati ma tsokarsu na zubewa. A birnin Tulus na Faransa an kwantar da maza kwana 90. Waɗanda ba su yi komai ba sun rasa kusan kashi 18 cikin 100 na tsokar gaban cinya, yayin da masu tura nauyi da ƙafa duk bayan kwana uku suka riƙe tasu. Tsokar sha-raɓa kuwa ta ragu ko a wajen masu atisayen, sai dai asarar ba ta wuce kusan rabin ta sauran ba.

Batun kitse ya ɗan bambanta. Ɗaga nauyi na rage taruwarsa, amma wanda aikinsa ya tsaya kuma kwanonsa bai ragu ba, tumbi zai bayyana. Dole a haɗa da taka-tsantsan wajen cin abinci, musamman kayan zaƙi da maiƙo, a kuma riƙe wake, ƙwai, nono da kifi.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, tare da tafiya mai sauri ko makamancinta ta minti 150 zuwa 300. Wannan ba ya buƙatar kayan zamani. Mutum na iya tashi daga benci ya koma sau 10 ba tare da dafawa ba, ya dafa bango ya tura jikinsa, ya ɗaga duga-dugansa a tsaye, ko ya ɗauki jarkar ruwa, yana ƙara nauyi sannu a hankali. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da wanda aka yi wa tiyata su fara tuntuɓar likita kafin su soma.