Maharbi Shi Kaɗai: Ina Ne Iyakar Nisan Da Zai Iya Kai Nama?

Da zarar an kawar da amfanin gona, kaka ta wuce, rani ya shigo, sai mu fara ganin mafarauta suna ratsa garin nan namu na Ɗambatta da karnukansu da gorori da adaka. Kowa yana sha'awar jin labarin harbi, amma ba kasafai ake tambayar abin da ke biyo baya ba. Idan mutum ɗaya ya kayar da babbar dabba a tsakiyar daji, yaya zai yi ya fito da namanta, kuma daga wane nisa? Mun zauna da alƙalami da takarda mun yi lissafi, ga abin da muka samu.

Nauyin namun dajinmu

Sai an san nauyin kaya kafin a san nisan da za a kai shi. Gada ba ta cika wuce kilo 12 zuwa 25 ba. Barewa tana tsakanin kilo 20 da 35. Kanki yana haura kilo 120, gwanki kuwa yakan kai kilo 250 zuwa 300, ɓauna ta fi haka.

Amma ba duka nauyin ne nama ba, kamar yadda kowane mahauci a kasuwar Ɗambatta zai gaya mana. Idan aka cire jini da kayan ciki da kai da ƙafafu da fata, kusan rabin nauyin ne ke saura. Idan aka zare ƙashi kuma, tsokar da za ta rage ba ta fi kashi ɗaya cikin uku na nauyin dabbar da yawa ba. Ke nan gwanki mai kilo 280 zai ba da tsoka zalla wajen kilo 100, wato nauyin buhun siminti biyu.

Abin da wuya zai iya ɗauka

Akwai ƙarti da ke sungumar babban buhun masara su ɗora a mota. Wannan aikin taku goma ne. Tafiyar daji daban take: ga rairayi, ga ƙaya, ga kwazazzabai, ga rana. Ƙa'idar da sojoji suka daɗe da sani ita ce, a doguwar tafiya kada kayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsa. Mai kilo 70 ke nan kayansa ba za su wuce kilo 23 ba. A zamanin Turawan mulkin mallaka, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da ma bayan isowarsa, 'yan alaro ne ke dakon kayan rangadi a ka, kuma kayan mutum ɗaya yakan kasance wajen fam 60, wato kimanin kilo 27. Su kuwa sana'arsu ke nan, sun saba da gammo tun suna samari.

Don haka mu ɗauki kilo 25 a matsayin kayan sawu ɗaya. Duk wanda ya taɓa ɗauko jarkar ruwa mai lita 25 daga rijiyar burtsatse ya san wannan nauyin, domin litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce.

Lissafin sawu

Ga inda matsalar take. Gada kayan sawu ɗaya ce, maharbi ya rataya ta ya kama hanya, ko kilomita 15 ne zai kai ta gida. Barewa ma, in an cire kayan cikinta, sawu ɗaya ta isa. Gwanki kuwa, kilo 100 a raba 25, sawu huɗu ke nan.

Sai dai sawu huɗu ba ya nufin taka hanyar sau huɗu. Maharbin zai fita da kaya, ya dawo hannu rabbana, ya sake ɗauka, ya sake dawowa. Zai bi hanyar sau huɗu da kaya, sau uku ba kaya, jimla bakwai. Masu son lissafi su riƙe wannan: a ninka yawan sawu biyu, a cire ɗaya, sannan a ninka da nisan wurin.

Mu ce yana cin kilomita 3 a awa da kaya, kilomita 4 da rabi ba kaya. Idan tsakanin inda dabbar ta faɗi da bakin hanya ko ƙauye kilomita 1 ne, zai taka kilomita 7, wajen awa 2. Idan kilomita 3 ne, zai taka 21, awa 6. Idan kilomita 5 ne, zai taka 35, wato fiye da rabin tafiyar Ɗambatta zuwa Kano, kuma zai ci awa 10. Ba mu sa lokacin fiɗa da yayyanka nama ba, wanda mutum ɗaya zai ɓata awa 2 ko 3 a kai. Ba mu sa hutu da salla da shan ruwa ba, ba mu kuma sa gajiyar da ya kwaso wajen bin sawun dabbar tun asuba ba. Hasken rana a ƙasar Kano kuwa wajen awa 12 ne kawai.

Mu lura da kyau: duk kilomita ɗaya da maharbi ya ƙara kutsawa cikin daji, kilomita bakwai ya ƙara wa ƙafafunsa.

Rana ba ta jira

Ko da ƙarfin yana nan, naman ba zai jira ba. Zafin jikin dabba yana wajen digiri 38 zuwa 39, kuma fata da kitse suna riƙe wannan zafin bayan ta mutu. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa sosai tsakanin digiri 5 da 60, wasu ma suna ninka yawansu cikin minti 20. A watannin Maris da Afrilu zafin yankinmu yana kaiwa digiri 40. A irin wannan yanayi, dabbar da aka bari da kayan cikinta tana iya fara wari tun kafin la'asar, kuma cinya kusa da ƙashi, inda tsoka ta fi kauri, nan ne ke fara lalacewa. Ga ƙudaje da ke zuba ƙwai a kan nama, ga ungulu da dila da kura, waɗanda ba za su bar sawu na uku da na huɗu su jira mai su ba.

Shi ya sa gogaggen maharbi yake fara farke ciki nan take, ya feɗe, ya raba gaɓoɓi, ya rataye su a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ba ya ƙunshe ɗanyen nama a leda, domin leda tana tsare zafi da gumi. Da hunturu, a Disamba da Janairu, sanyin dare da busasshiyar iska suna ba shi ƙarin lokaci. Da bazara babu wannan rangwamen.

Idan muka haɗa lissafin sawu da na rana, amsar ta fito. Ƙaramar dabba, kilomita 10 zuwa 15. Babba kamar gwanki, kilomita 2 zuwa 3 da hunturu, da bazara kuwa ko 2 ɗin ma da ƙyar. Abin da ya wuce haka, ko dai mutumin ya jigata, ko naman ya ruɓe, ko kuma a kai wa iyali abin da zai jawo musu amai da gudawa.

Dabarar magabata

Kakanninmu ba su rubuta wannan lissafi a allo ba, amma sun san shi. Dabararsu ta farko ita ce banda. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen tsoka ruwa ne. Sai maharbi ya kafa 'yan sanduna ya yi gado, ya hura wuta a ƙarƙashi, ya shimfiɗa nama sala-sala, ya kwana biyu ko uku yana ƙyafe shi. Kilo 100 sai ya koma 35 zuwa 40, kayan sawu biyu ko mangalar jaki ɗaya, kuma ya yi makonni bai lalace ba. Hikimar da ke cikin kilishi ke nan.

Ta biyu ita ce taro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Farautar Hausawa ta rani ta gayya ce, a ƙarƙashin shugabanni irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa. Abin da zai sa mutum ɗaya taka hanya sau bakwai, mutum huɗu sau ɗaya za su taka ta.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A tsaunukan yammacin Amurka, a jihohi irin su Kolarado da Montana, ana farautar wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa, wadda namijinta ke haura kilo 300. Duk da sanyin ƙasarsu da jakunkunan goyo na zamani, maharbi shi kaɗai sai ya yi sawu huɗu ko biyar, shi ya sa da yawansu ke hayar dawaki da alfadarai. Dokokin jihohin sun kuma hana a kashe dabba a bar namanta ya ruɓe a daji.

Abin da ya shafe mu

Yau a ƙasar Ɗambatta gona ta haɗe da gona. Abin da maharbi ke samu bai wuce zomo da kurege da gafiya da fakara ba. Manyan namun daji sun koma wurare ƙalilan, irin su gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956. A Jihar Kano muna da dajin Falgore a can kudu, wajen Tudun Wada da Doguwa. Duka biyun keɓaɓɓu ne, doka ta hana farauta a cikinsu, kuma tun 1985 Najeriya ke da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Gwanki ɗa ɗaya yake haifa bayan cikin wata tara, don haka duk wanda aka kashe aka bar rabinsa ga ungulu, asara ce biyu.

Da yawa daga cikinmu ba za su taɓa bin sawun gwanki ba, amma muna ɗauko nama daga kasuwa, muna taya aikin layya. Ƙa'idar ɗaya ce: a sanyaya shi da wuri, a fitar da shi daga leda, abin da ba za a dafa yau ba a soya ko a ƙyafe shi.

Ga kacici-kacici ga 'yan ajin lissafi. Maharbi yana da nama kilo 150, yana ɗaukar kilo 25 a kowane sawu, bakin hanya kuma yana da nisan kilomita 2. Kilomita nawa zai taka? Idan ya ƙyafe naman ya koma kilo 50, kilomita nawa ya rage wa kansa? A miƙa amsa ga kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.