Ba Sayen Mota Ke Da Wuya Ba, Riƙonta

A zamanin iyayenmu, in mutum ya yi niyyar sayen doki, ba ya zuwa kasuwa sai ya fara leƙa rumbunsa. Ya kan lissafa dawar da dokin zai ci a shekara, da harawa, da kanwa, da ladan yaron da zai riƙa yanko ciyawa, sa'an nan ya shiga ciniki. Wanda ya saya bai yi wannan lissafi ba, kafin damina ta kewayo sai a ga haƙarƙarin dabbar a waje, mai ita kuwa ya zama abin nuni a gari. To, mota ita ce dokin wannan zamani, amma da yawa daga cikinmu mu kan ci bashi mu saye ta ba mu leƙa rumbu ba.

Mu da aikinmu ya ke na rangadin makarantu, rabin kwanakinmu a bisa hanya su ke ƙarewa, mun kuwa ga malamai da ma'aikata da dama waɗanda mota ta shiga tsakaninsu da cefanen gida. Don haka muka ga ya kyautu mu zauna da mai karatu mu yi lissafin nan tare. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, babban rabo daga cikin abin da mota ke ci, ƙafar direba da hannunsa ne ke yanka shi.

Bari mu fara da abin da ba ya hannunmu. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta haye naira 1,000 a Abuja. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi ƙwarai, sai taya da batir da sauran kayan gyara, waɗanda galibi daga waje a ke shigo da su, suka bi sahu. Inshorar da doka ta wajabta wa ƙaramar mota ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon wannan shekara ta 2023. Ga kuma kuɗin lasin da sabunta takardu.

Yanzu ga lissafi irin na aji. Mu ɗauka malami yana tafiyar kilomita 30 kullum, tsakanin gida da makaranta da kasuwa, watau kilomita 900 a wata. Mu ce motarsa tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, lita kuwa naira 1,000 ce don sauƙin lissafi. Man wata guda ya kama naira 90,000 ke nan, alhali mafi ƙanƙancin albashin da doka ta yanka a 2024 naira 70,000 ne. In kuwa mugun tuƙi da rashin kula suka sa motar ta koma shan lita 12, kuɗin ya zama 108,000. Bambancin naira 18,000 ne a wata, 216,000 a shekara, an ƙone su a banza.

Ina wannan ɓarna ke fitowa? Na farko, daga totur da birki. Direban da ke figar mota da zarar danja ta ba da hannu, sa'an nan ya danne birki a mahaɗa ta gaba, ya sayi gudu da mai, ya kuma kashe gudun da takalmin birki. Hasara biyu ke nan. Gwanin tuƙi idonsa yana can nesa. In ya hango cunkoso ko shatale-tale, sai ya ɗage ƙafa tun da wuri motar ta lafa da kanta. Ba ya ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, don yin haka na cinye shi, ba ya kuma barin inji yana aiki alhali shi yana hira a ƙofar gida.

Na biyu, gudu. Ƙa'idar hanya ta yanka wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen tituna irin na Kaduna zuwa Kano. Iska tana tokare mota, in gudu ya ninka biyu tokarewar ta kan ninka huɗu, inji kuwa da mai ya ke yaƙarta. Haka nan nisan da mota ke bukata kafin birki ya tsai da ita, ninki huɗu ya ke yi in gudu ya ninka biyu. Motar da ke kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 cikin daƙiƙa guda. Kafin direba ya ga akuya ta faɗo titi, ƙafarsa ta kai ga birki, wannan fili ya riga ya wuce. Saboda haka a bar tazara. In motar gaba ta gifta wata bishiya, ƙirga uku a natse. In ka iso bishiyar ba ka gama ba, ka matse ta da yawa. Da damina ko lokacin hazo a ƙara tazarar, a kunna fitila. Kada a sha gaban mota a kwana, ko a kan gada, ko a hawan tudu. Sauri ya haifi nawa.

Na uku, kula ta kullum. Taya mai ƙarancin iska tana sa mota nauyi, ta sha mai, ta cinye gefenta, ta kuma yi zafi har ta fashe, tun ba da bazara ba. A riƙa zuwa wurin mai faci a yi geji da safe, kafin taya ta ɗau zafi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Mai sayen tayar gwanjo ya duba wannan, gama araha ba ta ado. A duba baƙin mai da ruwan lagireto kafin a tashi, a yi juye a kan kari. Kuɗin juye kaɗan ne in an gwada shi da kuɗin sauke inji.

Tushen matsalar dai rashin koyo ne. Da yawa sun koyi mota a filin ƙwallo a hannun aboki cikin kwana uku, suka sami lasin ta bayan gida, ba wanda ya jarraba su. Koyo kuwa ba abin kunya ba ne. Ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, tsofaffin direbobi masu furfura suka sake koyon hanya kamar sababbi. In su sun iya, mu ma za mu iya gyara ƙafarmu.

Shawararmu ita ce, mai mota ya ajiye ɗan littafi a cikinta, ya rubuta kowace lita da kowane gyara har wata guda. Wanda bai saya ba tukuna, ya yi lissafin nan da albashinsa a gabansa. In ya ga rumbun ba zai ɗauki doki ba, motar haya ba ta rage wa kowa mutunci. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.