YININ HUTU A SHENONSO, FADAR DA KE BISA KOGI

Wanda ya tafi hutu Faransa, in ya kwana birnin Tur, sai ya hau jirgin ƙasa da sassafe. Cikin rabin awa ga shi ƙauyen Shenonso. Mutanen ƙauyen ba su kai 400 ba, amma fadarsu ta sa duniya ta san da su.

An soma gininta a 1514, bakin kogin Sher. A 1547 Sarki Hanri na 2 ya ba masoyiyarsa Diyan, ita ta sa aka yi gada har ƙetare. Da sarki ya rasu a 1559, uwargida Katrin ta ƙwace gidan, ta ɗora zaure mai tsawon mita 60 bisa gadar kishiya.

Zauren nan ya ceci rayuka. A yaƙin 1914 an maida shi asibitin soja. Daga 1940 zuwa 1942 kuwa kogin ne iyaka: ƙofar shiga tana yankin Jamusawa, ta kudu tana yankin da ba su mamaye ba, mutane na sulalewa ta nan a ɓoye.

Yau baƙo na ratsa shi a natse, ya koma Tur kafin almuru.