Amfanin Wasan Waje ga Lafiya da Basirar Yara

Wasan waje shi ne wasan da yaro ke yi a fili, da abin da ya tarar a wurin: ƙasa, ruwa, kara, tsakuwa, bishiyoyi da ƙananan halittu. Yara ne ke tsara shi da kansu, su kafa doka, su sasanta rigimar da ta taso. A ƙasar Hausa, dandali, gindin tsamiya, bakin gona da rairayin ƙofar gida nan ne aka saba yin langa, carafke, ’yar gala-gala, kokawa da ginin ƙasa. Cinye filaye da gine-gine, fargabar rashin tsaro da yaɗuwar wayar hannu sun rage wannan wasa, musamman a manyan birane, har likitoci da masana tarbiyya suka mayar da hankali kan abin da yaro ke rasawa idan ya wuni a ɗaki.

Ginin jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki matsakaici zuwa mai ƙarfi a kowace rana. Ga ’yan shekara 3 zuwa 4 kuwa, shawararta ta 2019 ita ce minti 180 na kai-komo a wuni, kallon talabijin ko waya kuma kada ya wuce awa ɗaya. Yaron da aka sake shi a fili yakan cika wannan adadi ba tare da an ce masa ya yi ba. Mai langa yana riƙe ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle da ɗayar, yana kauce wa abokin karawa. Cinya, ƙugu da daidaiton tsayuwa duk suna aiki a lokaci guda. Hawan bishiya na ƙarfafa damtse da yatsu, gudu a kan kunya ko yashi kuma na koya wa ƙafa yadda za ta taka inda ƙasa ba ta daidaita ba.

Hasken rana na sa fata ta samar da bitamin D, wanda ke taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin kalsiyam don gina ƙashi. Sai dai rana ita kaɗai ba ta isa ba. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yawancin yaran da ƙafafunsu suka yi baka ko gwame saboda laushin ƙashi, ƙarancin kalsiyam a abinci ne ya jawo musu. Wasa da abinci mai gina jiki tare suke tafiya.

Lafiyar ido

Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin fita waje ta fito ne daga likitocin ido. Matsalar kasa ganin abu mai nisa, wadda ke sa yara saka tabarau, tana faruwa ne idan ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima lokacin girma. Wani nazari na 2008 ya kwatanta yara ’yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7 a birnin Sidni na Ostireliya da takwarorinsu a Singafo. Kusan kashi 3 cikin ɗari ne ke da matsalar a Sidni, a Singafo kuwa kusan kashi 29. Yaran Sidni na yin kusan awa 14 a waje kowane mako, na Singafo kuma kusan awa 3.

A birnin Guangzhou na ƙasar Sin, an ƙara wa ’yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 na zaman waje a kowace ranar karatu. Bayan shekara uku, sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari sun kamu da matsalar, alhali a makarantun da ba a ƙara ba kusan kashi 40 ne. Taiwan ma tun 2010 ta nemi makarantunta su riƙa fitar da yara minti 120 a rana, kuma yawan masu raunin gani a firamare ya fara sauka. Masana na ganin hasken waje, wanda ko a inuwar bishiya ya ninka na cikin aji sau da yawa, yana sa ido ya saki sinadarin da ke rage saurin tsawon ƙwayar ido.

Garkuwar jiki

A Finlan, masu bincike sun shimfiɗa ƙasar daji, ciyawa da ƙananan tsirrai a farfajiyar wasu makarantun renon yara da a da tsakuwa ce kawai a cikinsu. Rahotonsu na 2020 ya nuna cewa cikin kwana 28, ire-iren ƙwayoyin halitta masu amfani a fatar yaran sun ƙaru, jininsu kuma ya nuna alamun daidaituwar garkuwar jiki. Wannan ya shafi ƙasa mai tsabta, wadda ba ta gurɓata da bayan gida ko shara ba.

Basira da zaman tare

Yaron da ke ƙera motar kara sai ya zaɓi karan da ya bushe sosai, ya ɓare bayansa siri-siri, ya yanka totuwar daidai-daidai, ya soke su har su tsaya, sannan ya fafe sakaina ko tsohon silifa ya yi taya. In ta karkace, ya warware ya sake. Awo, haƙuri da neman mafita duk suna cikin wannan aiki. Yarinya mai carafke kuwa tana cilla dutse sama, ta kwashi na ƙasa kafin ya sauko, tana ƙirga ci. Ido, hannu da lissafi na haɗuwa.

A waje ne kuma yaro ke sanin lokacin nunar magarya da kanya, ya gane cewa zuwan shamuwa na nufin damina ta kusa, ya san ruwan tumfafiya na cutar da ido. Wanda ya tashi da sanin bishiya ya fi jin zafin sare ta. A cikin sa’o’insa kuma yana koyon jiran layi, karɓar kaye da kare ƙarami.

Hatsari da kariya

Ƙurjewar gwiwa da ƙaramar faɗuwa suna cikin yadda yaro ke koyon auna ƙarfinsa. Hatsarin da ya wajaba a kawar daban ne. Kududdufi da tafki na jawo nutsewa da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata. Tafiya ba takalmi inda ake bayan gida a fili na kawo tsutsar ciki, duhuwar ciyawa da tarin duwatsu kuma na ɓoye maciji da kunama. A zafin Maris zuwa Mayu, hantsi da la’asar sakaliya sun fi dacewa, tare da inuwa da ruwan sha. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da sa idon babba daga nesa sun wadatar a mafi yawan lokuta.

Haƙƙi da nauyi

Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tabbatar wa yaro haƙƙin hutu da wasa. Nijar ta amince da ita a 1990, Najeriya a 1991, kuma a 2024 Majalisar ta ware 11 ga Yuni a matsayin Ranar Wasa ta Duniya. Cika wannan haƙƙi bai bukatar tsada. Iyaye za su iya ware lokacin fita kullum ga maza da mata baki ɗaya. Makarantun boko da na Islamiyya za su iya kiyaye lokacin tara, su dasa bishiyoyin inuwa a harabarsu. Masu unguwanni da hukumomin tsara birane kuma nauyinsu ne su hana sayar da filayen wasa, su ware sabbi a kowace unguwar da ake yankawa.