Ƙirar Kunnen Waje da Kunnen Tsakiya



Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, kuma da wuya a sami inda maganar nan ta zauna daram kamar ƙasar Daura. Labarin Daurama da Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu ya daɗe yana tafiya daga baki zuwa kunne tun kafin a sa shi a takarda. Amma duk da wannan bauta da kunne ya yi mana, kaɗan ne daga cikinmu suka san ƙirarsa. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, kunne ƙofa biyu gare shi. Akwai ta waje, wadda kowa ya sani, wadda kuma ake yawan tsokana ba gaira ba dalili. Akwai kuma ta ciki, wadda ke buɗewa can bayan hanci, kuma ta nan ne galibin ciwon kunnen yaranmu yake shiga.

Masana sun kasa kunne kashi uku, watau kunnen waje da na tsakiya da na ciki. Na cikin, inda ake mai da motsi ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, yana bukatar tasa laccar. Yau za mu tsaya ga biyun farko.

Kunnen waje ya haɗa fatar kunne da muke gani da kuma ramin kunne. Fatar nan guringuntsi ne da aka lulluɓe da fata, sai ɗan tattausan ƙasanta, inda mata ke huji, shi kaɗai ne ba guringuntsi a cikinsa. Lanƙwashe-lanƙwashen da ke jikinta ba ado ba ne. Su ne ke ɗan sauya sauti kafin ya shiga, har mutum ya iya gane daga gaba kira ya fito ko daga baya, daga sama ko daga ƙasa. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini nasa na kansa, daga tantanin da ke manne da shi yake samun abinci. Shi ya sa in ɗan dambe ya sha naushi a kunne, jini ya taru tsakanin guringuntsin da tantaninsa, aka kuwa bar shi ba a zuƙe ba, sai kunnen ya cukurkuɗe ya zauna haka har abada. Haka kuma huji a saman kunne ya fi na ƙasa haɗari nesa ba kusa ba.

Ramin kunne na babban mutum tsawonsa kamar santimita 2 da rabi ne, watau inci guda, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa. Don haka ne likita kan ja fatar kunne sama da baya kafin ya leƙa. Sulusin ramin na waje guringuntsi ne, da gashi da ƙananan maɓuɓɓugai masu fitar da maiƙo. Sulusi biyun na ciki kuwa ƙashi ne zalla da 'yar siririyar fata a kansa, ba tsoka ba kitse, abin da ya sa ko ɗan taɓi a wurin yake da zafi ƙwarai.

A nan ya kamata mu tsaya kan abin da muke kira kashin kunne ko dauɗar kunne, domin sunan da muka ba shi ya zalunce shi. Maiƙo ne da jiki ke yi da gangan, a sulusin waje kaɗai, don ya kama ƙura, ya hana ruwa jiƙa fatar ramin, ya kuma takura wa ƙwayoyin cuta. Duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke rufe Daura da Mai'aduwa da Zango daga Disamba zuwa Fabrairu ya san aikin da ke gaban wannan maiƙo. Abin mamaki kuma, kunne yana share kansa da kansa. Fatar da ke kan dodon kunne tana tsirowa daga tsakiya, ta riƙa rarrafowa waje sannu a hankali, kusan da saurin da farce ke tsiro, tana ɗauke da dauɗa har bakin rami. Tauna da magana, da suke motsa muƙamuƙi, suna taimaka mata. Ke nan abin da ya rage wa mutum shi ne ya goge bakin ramin, kuma iyakar inda yatsa ke kaiwa wajen shafar kunne a alwala ya wadatar.

To, amma mene ne muke yi? Gashin kaza, tsinken ashana, murfin biro, makullin babur, da tsinken nan mai auduga da ake sayarwa a kantuna. A ganina na ƙarshen nan ya fi sauran ɓarna, domin kamanninsa na kayan asibiti ya sa mutane sun amince da shi. Ba ya fitar da dauɗa sai kaɗan, yawancinta yakan tura ta ne can cikin sashen ƙashi, inda ba wurinta ba, ta dunƙule ta toshe ji. Wanda ya taɓa yin tari yayin da yake sosa kunne, to, ya taɓo reshen wata jijiya ce da ke zuwa har maƙogwaro da ƙirji.

A ƙarshen ramin sai dodon kunne, wanda shi ne iyaka tsakanin kunnen waje da na tsakiya. Tantani ne mai faɗin kusan santimita 1, kamar farcen ƙaramin yatsa, kaurinsa kuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ba shimfiɗaɗɗe ba ne sarai, tsakiyarsa ta ɗan lotsa ciki kamar malafa da aka kifar. Ninki uku ne: fata daga waje, zaruruwa masu ƙarfi a tsakiya, sa'an nan danshin tantani daga ciki. Lafiyayyen dodon kunne launinsa toka-toka ne mai sheƙi, har ana hango ƙashin da ke manne da shi ta baya. Aikinsa irin na fatar tambarin fada ne, sai dai an juya al'amarin: tambari ana dukansa ya girgiza iska, dodon kunne kuwa iska ke dukansa ya girgiza. Mari da tafin hannu a kan kunne yana matsa iskar ramin gaba ɗaya a kan wannan tantani, yana kuwa iya fasa shi nan take. Ina roƙon malaman makaranta da ke cikin wannan zaure su riƙe wannan. Sa'ar da aka yi ita ce, ƙaramin huji yakan rufe da kansa cikin 'yan makonni, muddin ba a ɗiga kome a ciki ba, ba a kuma bar ruwa ya shiga ba.

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki cike da iska a cikin ƙashin kai, wanda girmansa bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Shi ne kunnen tsakiya. A cikinsa an jera ƙasusuwa uku, su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, kuma sunayen da masana suka ba su a Latin ba baƙi ba ne gare mu in an fassara: masaba, da uwar maƙera, da likkafa. Andreas Vesalius ya bayyana biyun farko a littafinsa na 1543, na ukun kuwa ana danganta gano shi ga Giovanni Ingrassia, wani likitan Italiya, a 1546. Duk wanda ya kalli ƙafar mahayi a hawan Sallar Gani zai gane na ukun da gani ɗaya, domin siffarsa ta likkafa ce sak, sai dai tsawonsa bai wuce milimita 3 da 'yan kai ba. Ƙotar masaba tana manne da dodon kunne, kanta yana haɗe da uwar maƙera, ita kuma tana riƙe da likkafa, tafin likkafa kuwa yana zaune cikin wata 'yar taga da ke shiga kunnen ciki.

Mene ne amfanin wannan jeri? Kunnen ciki cike yake da ruwa, sauti kuwa ba ya shiga ruwa daga iska da sauƙi. Yaron da ya nutsa a kududdufi da damina ba ya jin kiran uwarsa daga bakin gaɓa, domin kimanin kashi ɗaya cikin dubu ne kawai na ƙarfin sautin ke ratsa ruwan, sauran duk ya koma. Kunnen tsakiya ne ke warware wannan matsala. Sashen dodon kunne mai girgiza ya ninka tafin likkafa faɗi kamar sau 17, saboda haka duk ƙarfin da ya tattara yana taruwa ne a ɗan ƙaramin wuri, kamar yadda baduku ke danna faffaɗar ƙotar basilla da tafin hannu, tsininta ya huda fata. Ƙotar masaba kuma ta ɗan fi hannun uwar maƙera tsawo, wannan ya ƙara kaɗan. In an haɗa, matsin yana ninkuwa sau 20 da ɗoriya. Akwai kuma 'yan tsokoki biyu da ke ɗaure ƙasusuwan nan in ƙara ta yi yawa, amma suna da nawa, kuma suna gajiya. Ba sa riga harbin 'yan bindiga ranar hawa, ba sa kuma iya kare mai injin niƙa da ke wuni cikin ruri.

Yanzu sai ƙofa ta biyu. Tantani ba ya girgiza sosai sai in iskar da ke gabansa da ta bayansa nauyinsu ɗaya. Don haka akwai wani bututu da ya tashi daga kunnen tsakiya ya gangara zuwa bayan hanci, saman maƙogwaro, wanda ake kira da sunan Bartolomeo Eustachi, malamin ƙirar jiki a birnin Rum, da ya bayyana shi a shekarun 1560. Tsawonsa a babba kamar santimita 3 da rabi ne. A rufe yake zaune, sai an haɗiyi miyau ko an yi hamma yake buɗewa. Alhazanmu da suka tashi daga filin jirgin sama na Katsina sun san toshewar kunne yayin sauka, sun kuma san yadda haɗiya ke buɗe shi. Aikin bututun ke nan suka ji.

A jariri da ƙaramin yaro bututun nan gajere ne, kusan rabin na babba, kuma a kwance yake maimakon a gangare. Saboda haka majina da ƙwayoyin cuta na hanci suna isa kunnen tsakiya cikin sauƙi. Mura ta hunturu, ƙyanda, hayaƙin itace a ɗakin girki, shayar da jariri da kwalba yana kwance rigingine, duk suna kumbura bututun ko su tura ƙazanta cikinsa. In ya toshe, sai ruwa ya taru a ɗakin da ya kamata a ce iska ce a ciki. Daga nan abu biyu ke faruwa. Ko dai ruwan ya zama mugunya, yaro ya kwana yana kuka da zazzaɓi yana jan kunne, har dodon ya fashe, mugunya ta zubo, zafi ya lafa, iyaye su ɗauka an warke alhali ƙofa ce ta buɗe. Ko kuwa ruwan ya zauna shiru, ba zafi ba zuba, ya yi kauri ya riƙe ƙasusuwan nan uku, yaro ya riƙa ji kamar wanda aka toshe wa kunne da yatsa. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin ba ya nuna kansa. Yaro ne a aji ana kira ba ya amsawa, ana bayani yana kallon bakin malam, har a yi masa laƙabi da mai kunnen ƙashi ko daƙiƙi, a haɗa masa da bulala. Kafin a yanke wa irin wannan yaro hukunci, a dawo da shi layin gaba, a kuma sa a duba kunnensa.

Kunne mai zubar mugunya ba abin rainawa ba ne, ko da yake a ƙauyukanmu an saba ganinsa har ana ɗaukarsa wani abu ne da yaro zai girma ya bari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa zubar da ta wuce mako biyu a matsayin ciwo mai daɗewa, kuma a rahotonta na 2004 ta ƙiyasta masu fama da shi a duniya tsakanin miliyan 65 da miliyan 330. Haɗarinsa yana ga maƙwabtan wannan ɗan ɗaki. Jijiyar da ke motsa fuska ta bangonsa take bi, in ciwo ya ci bangon sai baki ya karkace, a ce iska ce ta bugi mutum. Wata jijiyar ɗanɗano ta ratsa ta tsakiyarsa. Ƙashin nan mai tudu da ke bayan kunne cike yake da ramuka kamar saƙar zuma, duk a haɗe da kunnen tsakiya. Rufin ɗakin kuwa ɗan siririn ƙashi ne, a samansa ƙwaƙwalwa take. Mugunya na iya ratsa shi ta haddasa sanƙarau ko ƙurji a cikin kai. Kumburi a bayan kunne, ko matsanancin ciwon kai, ko jiri, ko karkacewar baki ga mai zubar kunne, alamu ne na a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.

Wanda ya fahimci wannan ƙira zai ga dalilin da ya sa man gyaɗa da man ja da turare da ruwan ganye da nonon uwa, waɗanda ake ɗigawa a kunne mai zuba, ba su da wurin zuwa sai ta cikin hujin dodon, su sauka kan ƙasusuwan ji. Zai kuma ga dalilin da ya sa allurar rigakafin ƙyanda, da ta ciwon huhu wadda Nijeriya ta fara sa wa cikin rigakafin yara a 2014, suke kare kunne ko da yake ba a kunne ake yin su ba. Ƙwayar wake ko masara da yaro ya cusa kada a zuba mata ruwa, kumbura take yi. Ƙaramin batirin agogo kuwa yana ƙona fatar ramin cikin 'yan sa'o'i, cire shi aikin gaggawa ne.

Ga ma'aikatan lafiya da na ƙananan hukumomi biyar na masarautar nan, watau Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, abin da ake bukata da farko ba mai tsada ba ne: 'yar fitilar duba kunne a kowane ɗakin shan magani, da ma'aikacin da ya san kamannin lafiyayyen dodon kunne, wanda kuma zai koya wa uwa ta nannaɗe tsabtataccen ƙyalle mai tsotse ruwa ta busar da kunnen ɗanta sau uku a rana kafin ta ɗiga maganin da aka rubuta. Wanda zubarsa ta ƙi tsayawa sai a tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano da ke Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Hujin da ya ƙi rufewa ana iya yi masa faci da ɗan tantanin da likita ke yankowa daga kan tsokar da ke saman kunnen mutumin da kansa, in kuma ciwo ya cinye ɗaya daga cikin ƙasusuwan nan uku, ana iya maye gurbinsa da na ƙarfe.