Na'urar Rage Ƙiba Da Ake Ɗaurawa A Kai: Ka Karanta Kafin Ka Tura Kuɗi



Makon jiya kawuna da ke Legas ya turo min wani talla ta WhatsApp. Likita ya ce masa ciwon suga ya kama shi, dole ya rage teɓa, shi kuma har ya fara cewa Baba ya sayar masa da sa ɗaya a Kasuwar Kara ta Bukuru ya sayi na'urar. Na ce Kawu, dakata tukuna in bincika.

Na'urar dai akwai ta. Wadda ta fi suna ita ce Modius, ta kamfanin Neurovalens da ke Belfast a Ireland ta Arewa, ta fito a 2017. Ana ɗaura ta a kai, a manna wasu 'yan faifai biyu a ƙashin bayan kunne, sai ta riƙa aika lantarki ɗan kaɗan zuwa jijiyar da ke hana mutum tangaɗi. Masu ita sun ce saƙon na kaiwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa da ajiyar kitse. Awa ɗaya ake sa ta a rana.

To ga inda gizo ke saƙar. Izinin da hukumar FDA ta Amurka ta ba kamfanin a 2023 na maganin rashin barci ne, na 2024 kuma na yawan damuwa. Mai tallan bai faɗi wannan ba, ya dai rubuta "Amurka ta amince" kawai.

Ni ɗan mai shanu ne. Na san san turke yana ƙiba ne da dusa da harawa da rashin yawo, na kiwo kuwa da ke hawa duwatsun Jos ba ya tara kitse haka. Mu ma hakan take: shinkafa, lemon kwalba da zaman shago daga safe har dare.

Shawarata, duk na'urar da aka tallata maka, ka nemi rajistar NAFDAC, ka kuma nuna wa likitanka. Mai farfaɗiya, mai ciki da mai batir a zuciya kada su kusance ta sai likita ya yarda. Kuma kada kowa ya ajiye maganin sugansa saboda talla.

Kawu dai san nasa na nan. Yanzu da ƙafa yake zuwa masallacin Juma'a.

Allah Ya ba mu lafiya.